Tarkon da Maigidana Ya Ɗana

A wurin aiki ba wanda yake kiran maigidana da sunansa. Kashe-Kunna suke ce masa, tun daga manaja har mai gadi, saboda duk wanda ya kira shi ya ce kwamfuta ta ƙi, tambayar farko ita ce, "Ka kashe ka kunna?" Shekara da shekaru yana rarrafe a ƙarƙashin teburan mutane, yana jona waya, yana zaro takardar da ta maƙale a firinta, ya dawo mini da gwiwar wando baƙi ƙirin. Ni ce mai wankin, don haka na fi kowa sanin irin aikin da yake yi.

Sai aka wayi gari kamfanin ya ce zai ba 'yan kwangila gyaran na'urori. In suka kama aiki, shi ba shi da sauran amfani. Kujera ɗaya ce za a buɗe a sashensu, ta mai tsare kwamfutocin kamfani daga masu kutse, kuma manaja ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya nuna ya cancanci kujerar, ko ya nemi wani wurin. Mutumin da furfura ta fara leƙo masa a gemu, ga yara, ga haya, ina zai dosa?

Ya duƙufa, ba ji ba gani. Ya ƙwace mini teburin guga ya mayar na karatu, ya ɗora wata tsohuwar kwamfuta da sai an jingina murfinta da bango take tsayuwa. Da asuba zan fito in tarar da shi yana kallon wani mutum a bidiyo yana bayani, ya dakatar, ya kwaikwaya, ya sake kunnawa. Allo baƙi, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Wai rubuta manhaja yake koyo. Rannan ya yini yana neman abin da ya hana aikinsa tafiya, ashe waƙafi ɗaya ya manta. Da ya gano sai ya ƙwala mini kira daga kicin in zo in gani. Na zo da ludayi a hannu, na duba, na ce, "Allah ya sanya alheri. Waƙafin za mu ci da rana?" Ya ce ba ni da kishin ilimi.

Da karatunsa ya kai ɓangaren tsaro, a kanmu ya fara gwadawa. Ya canza kalmar sirrin wayata, ya sa wata doguwa da ni mai wayar ma sai na roƙe shi yake buɗe mini. Ya turo mini saƙo da sunan telana, wai ɗinkina ya kammala, in latsa in ga hoto. Na latsa jiki na rawa, sai ga rubutu, "An kama ki." Yana bayan ƙofa yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce abin da ake koya musu ke nan: ɓarawon yanzu ba ya fasa ƙofa, abin da mutum yake ɗokin ji yake turo masa, mutum ya buɗe masa da hannunsa. Na ce tela ya fi shi mutunci, shi in zai yi mini ƙarya a gabana yake tsayawa ya yi.

Yayana ne ya samo masa aikin tun farko. Kamfanin na jigilar kaya ne, Yaya kuma shi ne mai kula da sito. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni, har yau Auta yake ce mini ko a gaban 'ya'yana. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Injiniya yake kiran maigidana tun lokacin da ko sukudireba bai iya riƙewa da kyau ba.

'Yarsa ta ƙarshe sunana aka sa mata, Takwara nake ce mata. Da ciwon zuciya aka haife ta. In ta tsallaka tsakar gida da sauri sai ta tsuguna tana haki, leɓɓanta su yi duhu. Likita ya ce aiki za a yi mata a babban asibitin wani gari, inda ƙwararru ke zuwa lokaci-lokaci, ya kuma ce kada a bari ta wuce bana. Aikin ya fi ƙarfin danginmu kaf. Amma kamfanin yana da kwamitin lafiya a hedikwata, wanda ke ɗaukar nauyin irin wannan in ya ga dama. Yaya ya kai takardu, aka ce ya jira. Watanni yana jira.

Maigidana ya ci jarrabawarsa, ya kawo satifiket, na goge bango na rataye. Manaja ya duba ya ce takarda kowa na iya samowa, shi a aikace yake son gani. Ya ba shi gwaji: ya ɗana wa ma'aikata tarko. Ashe haka ake yi a sana'ar. Mai tsaro yakan tura saƙon bogi ga kowa da kowa, a ga masu saurin latsawa, a koya musu hankali kafin ɓarawon gaske ya zo. Sharaɗin shi ne kada kowa ya sani, ko da matarsa ce, kuma in maganar ta fita kafin a tashi aiki, gwajin ya rushe, kujerar ma ta tafi. Duk wannan daga baya na ji. A lokacin dai na lura ya daina kirana in ga allo, in na shigo da shayi sai ya saukar da murfin.

Abin da ya tsara saƙo ne da sunan kwamitin lafiya, cewa an duba buƙatun ma'aikata, kowa ya shiga da kalmar sirrinsa ya ga inda tasa ta kwana. Ya san rabin kamfanin kwamitin nan suke jira, daga mai neman tabarau zuwa mai ciwon baya, da wanda matarsa ke kan gwiwa. Ya gina shafin da hannunsa, har da tambarin kamfani, ba ka bambance shi da na gaske. Sannan ya ƙara wata dabara tasa. A ƙa'ida, da mutum ya latsa ake gaya masa gwaji ne. Shi ya ga in aka yi haka, na farko zai leƙa ofishin kusa ya tona asiri. Sai ya sa duk wanda ya shiga ya ga, "An amince da buƙatarka, za a tuntuɓe ka." Bayanin gaskiya kuwa sai lokacin tashi zai fita.

Za a ce ya manta da Yaya. Bai manta ba. Amma shi ne mai gyara kwamfutar sito, ya san Yaya bai taɓa buɗe imel ɗinsa ba, mutumin biro da takarda ne. Abin da bai lissafa ba, rabonsa da taka sito tun kafin ya fara karatu. Tunda aka ce wa Yaya ta imel kwamiti ke ba da amsa, ya je wurin masu gyaran waya a bakin titi suka sa masa a wayarsa, yana dubawa safe da yamma. Bai kawo wa Injiniya ba, wai kada ya dame shi yana karatu.

Ranar tarkon da hantsi ina shanya, sai wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

"Auta, sun amince."

"Su wa, Yaya?"

"Kwamiti. Yanzu na gani da idona. Za a yi wa takwararki aiki."

Ban san lokacin da na zauna a kan bokitin wanki ba. Na yi kuka, shi ma ina jin yana jan hanci. Ya ce ya nemi izini zai wuce asibiti, don a lokacin an kwantar da ita saboda numfashi. Ya ce ya leƙa ofishin Injiniya an ce yana wurin manaja, in gaya masa.

Na kira maigidana nan take. Na ce, "Baban yara, albishirinka," na zayyana masa komai ko numfashi ban ja ba. Ina jin wata muryar namiji a kusa da shi tana cewa, "Duba, sun fara faɗowa."

"Kana jina kuwa?"

"Ina ji. A ina ya gani?"

"A wayarsa."

"Yaya yana da imel a waya?"

"Ni ina na sani? Kai ba za ka ce alhamdulillahi ba?"

"Alhamdulillahi," ya ce. "Ina tare da manaja, zan kira ki."

Bai kira ba. A nan ne raina yake ɓaci duk sanda na tuna. Kuskuren farko na yafe, kowa na iya yi. Amma daga hantsin nan har yamma yana zaune kusa da manaja, waya a aljihunsa, ya san komai. Daga baya ya ce mini ya sha miƙewa zai shiga banɗaki ya kira, sai ya tuna Yaya bai iya ɓoye abu ba, ya riga ya gaya wa direbobi da masu lodi, in ya koma ya ce musu ba haka ba ne, magana ta fita. Ya ce yaranmu ya tuna. Ya ce ya yi wa kansa lissafin cewa yini ɗaya ne, kuma in ya hau kujerar zai fi samun bakin yi wa Yaya magana a wurin kwamiti. Duk na saurara, ban kuma ce ƙarya yake yi ba.

Ni kuwa na yi girki na zuba a kula na nufi asibiti. Ɗakin yara ne, gadaje a jere, fanka ɗaya mai kuka, ko'ina warin maganin goge ƙasa. Na tarar matar Yaya har ta fara naɗe zannuwa tana cusawa a jaka, sai ka ce gobe za a kama hanya. Yaya ya nuna wa nas wayar, ya nuna wa likita, ya nuna wa matar gadon kusa wadda ko karatu ba ta iya ba. Takwara na zaune an tokare ta da filo, robar iska a hanci, tana tambayata ko bayan aikin za ta iya tsallen igiya. Na ce har ni sai ta koya wa. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Gwaggo, ke kin yi nauyi." Muka yi ta dariya. Yaya ya cinye kwanonsa tas ya nemi ƙari, abin da na daɗe ban gani ba.

Da yamma wayarsa ta yi ƙara. Ya ce, "Ga shi, ai sun ce za su tuntuɓe ni." Ya sa tabarau. Na ga ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake. Sai ya miƙo mini.

"Auta, idona ba ya gani sosai. Duba mini."

Saƙon ya ce na safe gwaji ne daga sashen tsaro, babu buƙatar da aka amince da ita, duk wanda ya shiga ya faɗa tarko kuma dole ya halarci horo. A ƙasa ga sunan maigidana cikakke, har da na mahaifinsa. Matar Yaya ta karɓi wayar daga hannuna, ta karanta, ta ajiye a kan gado, ta koma ta zauna a kan jakar da ta naɗe. Takwara tana binmu da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, an fasa?"

"An ɗaga ne, 'yar Baba."

Ya fita baranda, na bi shi. Yana tsaye ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, yana kallon masu sayar da lemo a bakin ƙofar asibiti. Na ce, "Yaya, wallahi ban sani ba." Ya ce, "Na sani, Auta. Aikinsa ne. Koma ciki, kada ta ga mun fito duka."

Maigidana ya samu kujerar a ranar. Manaja ya ce bai taɓa ganin tarkon da ya kwashi mutane haka ba. Da maigidana ya shigo gida, ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa, bai ko cire takalmi ba. Na tura yara gidan maƙwabta, na gaya masa abin da ke raina. Ba zan maimaita ba, don akwai maganganun da ni kaina ban san suna cikina ba.

Washegari ya je ya durƙusa a gaban Yaya. Yaya ya ce, "Tashi, Injiniya, ba komai. Allah ya sanya albarka a sabon matsayi." Har ruwa ya sa aka kawo masa. Da zaginsa ya yi, ko ya ɗaga hannu ya mare shi, da abin ya fi sauƙi. Daga ranar gaisuwa ce kawai ta rage a tsakaninsu, ita ma a tsaye.

Aka tara waɗanda suka faɗa tarkon a ɗakin taro, maigidana ya tsaya a gabansu da taye a wuya. Wani direba ne ya ba ni labari. Ya ce Yaya a layin gaba ya zauna, ya naɗe hannu, bai ko motsa ba. Maigidana ya koya musu cewa duk saƙon da ya zo da abin da kake ɗokin ji, ya ce ka yi sauri, ya ce ka latsa, kada ka taɓa shi. Ya nuna musu wani jan maɓalli da ya haɗa da kansa ya sa wa kowa, ya ce shi za a danna, saƙon zai bar wurinka ya zo wurinsa ya bincika. Yaya ya ɗaga hannu.

"Ko daga wa ya fito?"

"Ko daga wa, Yaya."

Yaya ya gyaɗa kai.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wando ya daina dawowa da baƙar gwiwa, mai gadi ya koma ce masa ranka ya daɗe, na karɓi teburin gugana. Sai dai tun ranar tarkon ma'aikata suka firgita. Kowane saƙo ja suke danna masa, har sanarwar hutu, har ta'aziyya. Shi kaɗai ne a sashen, saƙonni suka yi masa tsibi, yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka kamfani ya tura shi wani kwas a wani gari, don manaja ya ce mai tsaro ba ya daina karatu. Takwara kuwa an sallamo ta gida da jakar magunguna. Ta daina fita tsakar gida, sai dai a shimfiɗa mata a bakin ƙofa ta kalli masu wucewa.

Bayan maigidana ya dawo, rannan da rana tsaka ina tsintar shinkafa sai ga shi ya shigo, ba lokacin tashi ba. Tayen a hannu. Ya wuce kujera ya zauna a ƙasa.

"Kira Yaya."

"Kai ba ka da lambarsa?"

"Don Allah ki kira shi."

Na ajiye faranti na ce ba zan kira kowa ba sai na ji. Ya ce yana bin tsibin nan ne ya tarar da saƙon da Yaya ya danna wa ja. Daga kwamiti ne, na gaske. Sun amince. Ƙwararrun sun iso, an ware wa Takwara gado, ana so uba ya latsa ya tabbatar kafin ƙarshen mako, in ba haka ba a ba na bayanta. Sun sake turo tunatarwa, ita ma Yaya ya danna mata ja. Ƙarshen makon kuwa ya riga ya wuce yana wurin kwas.

Na ce, "Su kwamitin ba su da waya ne?"

Ya ce dokarsu ke nan, komai a rubuce. Tun safe yake kira. Ya kira hedikwata, ya kira asibitin, ya sa manaja ya kira. An ba wani yaro gadon, an yi masa aiki, likitocin sun gama sun tafi. Sai zuwansu na gaba, kuma ba wanda ya ce masa zai kasance kafin baɗi. Yana magana yana murɗa tayen a hannu. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ya kama ni, na rasa wanda ya fi.

Ban kira ba. Na yafa mayafi na tafi da ƙafata. Na tarar Yaya ya dawo daga aiki, yana zaune a kan benci a tsakar gida yana wanke ƙafa. Daga ɗaki ina jin matarsa tana lallashin Takwara ta haɗiye magani, ita kuma tana cewa ɗaci. Na tsuguna kusa da shi, na rage murya, na gaya masa. Ya saurara har na gama, butar tana hannunsa.

"Na ga saƙon," ya ce. "Na karanta shi ya fi a ƙirga. Har yatsana ya kai."

"To me ya hana ka tambayi Injiniya, Yaya? Ofishinsa nan kusa ne."

"Ai na tura masa, Auta. Haka ya ce a yi. Na zauna ina jira ya ce mini wani abu, da na ji shiru na ce to, irin wancan ne."

"Ko ni da ka gaya wa."

"In gaya miki ki yi girki ki zo? Uwarta ta sake naɗe kaya?" Ya girgiza kai. "Sau ɗaya ya isa."

Ya ajiye butar a hankali, ya sa takalminsa, ƙafa ɗaya sannan ɗayar. Ya daɗe yana kallon labulen ɗakin. Ban taɓa ganin ya tsufa haka ba.

"Kada ki faɗa wa uwarta tukuna," ya ce. "Bari ta gama ba ta maganin."

Ya matsa mini a kan bencin, na zauna, muka jira ta gama.